Kirsimeti da Marayu: Tambayoyin da 'Yan Ikkilisiya Suke Yawan Yi

Da zarar hazo ya sauko, aka fara layi a shagon tela, ƙungiyoyin ikkilisiya sai su fara shirin kai wa marayu ziyara. Zumuntar Mata ta ɗaura ankonta, matasa su yi hayar mota, ma'aji ya zauna yana lissafin abin da baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, ya kawo. A irin wannan lokaci tambayoyi kan taso, wasu a kan bikin kansa, wasu a kan yaran. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Wai da gaske ranar 25 ga Disamba aka haifi Yesu?

Littafi Mai Tsarki bai faɗi rana ba, bai faɗi wata ba. Labarin haihuwar yana cikin Matiyu sura 1 da 2, da Luka sura 1 da 2, kuma babu kwanan wata a ko ɗaya. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba ya fito ne daga birnin Rum, a shekara ta 336. Har gobe Kiristan Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke yin nasu, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu. Rana ce da ikkilisiya ta keɓe domin tunawa, ba takardar shaidar haihuwa ba ce. Haka ma maganar masana uku: Matiyu bai ƙidaya su ba. Kyautai ya ƙidaya, zinariya da lubban da mur, mutane suka raba wa kowa ɗaya.

Bishiyar Kirsimeti da Fada Kirsimeti fa, daga ina suka zo?

Bishiyar ta Jamusawa ce, sun fara ƙawata ta tun ƙarni na 16, sai gidan sarautar Ingila ya ɗauke ta a shekarun 1840, daga nan ta bi Turawa ko'ina. Mai jar riga da farin gemu kuma asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4. Labarin da aka gada a kansa shi ne, wani talaka yana da 'ya'ya mata uku da ba shi da abin aurar da su, Nikolas ya riƙa jefa musu zinariya cikin dare ba tare da ya bari an gan shi ba. Yau mai sanye da kayansa a kan dandamali yake zama, ana biyan kuɗi kafin yaro ya hau cinyarsa a ɗauki hoto. Ba haramun ba ne, ba kuma wajibi ba ne. Ikkilisiyar da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu ba ta rasa komai na Kirsimeti ba.

To namu na nan arewa, me ya ƙunsa?

Namu ya faɗo ne a bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika, kuma kusan komai nasa daga nan ya samo kamanninsa. Yawancin ikkilisiyoyi sun riga sun yi bikin godiya na girbi, an kawo dawa da masara da doya da acca gaban bagade. 'Yan birni suna tururuwa zuwa gida, daga Legas da Abuja zuwa Pankshin, Kafanchan, Zuru, Billiri, Numan, Michika. Maza sun yi watanda, an haɗa kuɗi tun watanni an sayi sa. Mata sun kwana suyar cincin da nama, an yi kitso, an karɓo ɗinki ko an yi faɗa da tela. Ƙungiyar mawaƙa da 'yan Sabon Rai suna bi gida gida da waƙa a daren jajibere, yaran makarantar Lahadi sun yi wasan kwaikwayo da zanin gado a matsayin rigar makiyaya. Da safe a yi sujada, a yawancin wurare da Hausa, domin tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 harshen ya zama na sujada ga ƙabilu masu yawa da kowace take da nata yaren. Daga nan sai yawon gaisuwa, da kwanonin shinkafa da ake aika wa maƙwabta, har da Musulmi, waɗanda su ma suke ramawa da Sallah. A Kagoro shagalin ba ya ƙarewa sai an yi bikin Afan ranar 1 ga Janairu.

Duk waɗannan abubuwa na gida ne, na dangi. Shi ya sa babu lokacin da rashin uwa ko uba yake fitowa fili kamar wannan. Yaro ba ya bukatar a gaya masa shi maraya ne. Ya isa ya ga kowa da sabon takalmi.

Mene ne haɗin Kirsimeti da marayu? Ai Yesu ba maraya ba ne.

Ba maraya ba ne, amma ku dubi gidan da ya shigo. An kwantar da shi a komin dabbobi domin babu wuri a masauki. Da aka kai shi Haikali, hadayar da aka miƙa tattabarai ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin sayen ɗan rago. Bai daɗe ba iyayensa suka tsere da shi Masar cikin dare saboda sarki Hirudus, wanda ya sa aka karkashe yara maza na Baitalami 'yan shekara biyu zuwa ƙasa. Katolika da Angilikan suna tunawa da waɗannan yara ranar 28 ga Disamba. Kuma wanda ya rene shi, ya koya masa sassaƙa, Yusufu ne, mutumin da ya karɓi ɗan da ba na cikinsa ba ya ba shi gida da suna. Talauci, gudun hijira, riƙo: duk suna cikin labarin da muke karantawa ranar.

Umarnin kula da maraya kuwa bai jira Kirsimeti ba. Fitowa 22:22 ta hana cutar gwauruwa da maraya. Maimaitawar Shari'a 24:19 zuwa 21 ta ce in ka manta da dami a gona kada ka koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Zabura 68:5 ta kira Allah uban marayu. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu a matsayin ma'aunin addini na gaskiya. Babu ɗaya daga cikin ayoyin nan da ta ambaci wata. Abin da suka tsara rabo ne da ake fitarwa a kai a kai, kamar zakkar shekara ta uku a Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29, wadda ake tarawa a cikin gari domin su ci su ƙoshi.

Wane ne maraya a lissafin masu aikin nan, kuma ina yawancinsu suke?

Hukumomi irin su UNICEF suna kiran yaro maraya in bai kai shekara 18 ba kuma ya rasa uwa, ko uba, ko duka biyun. Binciken da Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya ta yi a 2008 ya ƙiyasta marayu da yara masu rauni a Nijeriya sun kai miliyan 17.5. Wannan kafin rikicin Boko Haram ya yi tsanani ke nan, kafin hare-haren ƙauyuka na shekarun baya-bayan nan.

Ku tara dukan gidajen marayun ƙasar nan, abin da za su ɗauka ɗan kaɗan ne ƙwarai daga wannan adadi. Sauran suna ina? Suna ɗakin gwauruwa da ke sayar da ƙosai a bakin titi. Suna wurin kaka mai ciwon gwiwa da jikoki biyar. Suna gidan kawu a birni, suna wanke-wanke. Wasunsu suna zaune a benci na uku a cikin majami'arku kowace Lahadi. Abin da ke ba ni mamaki kowace shekara shi ne ikkilisiya ta cika mota da shinkafa ta yi tafiyar awa biyu zuwa gidan marayu, alhali ta wuce ƙofar gwauraye goma na cikin rajistarta ba ta tsaya ba.

Ke nan gidan marayu ba abin kirki ba ne?

Ba haka ba ne, kuma tarihin ikkilisiya a ƙasar nan ba zai yarda a faɗi haka ba. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission), wanda ya haifi ikkilisiyar COCIN da wasu ikkilisiyoyi, ya buɗe gidan renon 'ya'yan bayi da aka 'yanta a Rumasha, bakin kogin Binuwai, a 1909, aka sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ɗin, da ta rasu a 1906. Yaran an ƙwato su ne daga ayarin fataken bayi, da yawa ba su san ma sunan garinsu ba. Babu dangin da za a mayar da su. 'Yar mishan Mary Slessor a yankin Kalaba ta riƙa kwaso tagwayen da ake yarwa tana renonsu a gidanta har ta rasu a 1915. A Ingila, George Müller na Bristol ya fara a 1836, kuma sama da yara 10,000 suka bi ta hannunsa. A Jos akwai Gidan Bege na ikkilisiyar ECWA mai kula da yaran titi, akwai kuma Bishop Benjamin Kwashi da matarsa Gloria, waɗanda suka cika gidansu na kwana da marayu masu yawa. Jaririn da aka tsinta a juji, ko yaron da aka ƙone ƙauyensu kaf, dole a sami inda zai kwana daren nan.

Sai dai an koyi darasi mai ɗaci. Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminis a Romaniya a 1989, duniya ta ga halin da yara suke ciki a manyan gidajen marayun ƙasar. Daga shekara ta 2000 masana suka bi diddigin yara 136 a birnin Bukares: an mayar da rabi hannun iyayen riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda suka koma cikin iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa da iya magana da iya shaƙuwa da mutane. Dalilin a fili yake. Jariri yana bukatar fuska ɗaya da ke dawowa kullum in ya yi kuka, mai reno ɗaya kuwa da jarirai goma sha biyar, ana canjin aiki safe da yamma, ba za ta iya ba ko da zuciyarta ta zinariya ce. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Rahoton ƙungiyar Save the Children na 2009 ya ƙara da cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kawo su, ba mutuwa ba. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce a fara ƙoƙarin barin yaro cikin danginsa, gidan marayu ya zama mafita ta ƙarshe. Ruwanda ta fara rufe nata tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai.

Saboda haka a ganina gidan marayu nagari shi ne wanda yake da ƙofar fita: yana neman dangi, yana bibiyar yaron bayan ya koma, ba ya alfahari da yawan kawuna.

Ƙungiyarmu ta riga ta shirya kai ziyara. Me ya kamata mu kai?

Ku kira mai kula da gidan tukuna ku tambaya. A Disamba ɗakin ajiyarsu yakan cika da taliyar yara da biskit da lemon kwalba, wasu ma ranar lalacewarsu ta kusa, a Afrilu kuma su rasa sabulu. Abin da aka fi rasa shi ne wake, man girki, madarar jarirai, omo, audugar mata ga 'yan mata, rigar sanyi da bargo da man shafawa saboda hunturu, takalmin makaranta daidai ƙafa, iskar gas ko itace. Ku duba kwanan watan da ke jikin kowane gwangwani. Tufafin da kai ba za ka sa wa ɗanka ba, bar shi a gida.

Abu mafi daraja kuma ba ya shiga buhu. Zango na biyu na makaranta a Janairu yake farawa, a daidai lokacin da aljihun kowa ya bushe, kuma a watannin nan ne ake rajistar WAEC da JAMB. Kuɗin da za a kashe a hayar mota da buga riguna masu sunan ƙungiya sau da yawa ya isa ya biya wa yarinya guda kuɗin jarrabawa. Haka albashin masu reno: ba wanda yake son ba da kuɗi domin albashi, amma matar da ba a biya ta wata uku ba za ta tafi, yaran kuma su sake yin wani rashin.

Laifi ne mu ɗauki hoto domin mu nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa?

Ku ɗauki hoton kayan, da rasit, da takardar da gidan ya sa hannu ya karɓa. Wannan ya isa shaida. Jera yara a bayan buhun shinkafa, a sa su rera waƙar godiya, a watsa fuskokinsu a Facebook da labarin yadda aka kashe ubansu, wannan wani abu ne dabam. Hoton ba ya gogewa. Yaron zai kai shekara ashirin, abokan karatunsa ko wadda yake nema su gani. Akwai ma yaran da ɓoye inda suke shi ne tsaronsu. Matiyu 6:3 ya ce kada hagunka ta san abin da damarka take yi, bai kuma ware Disamba ba.

Akwai yaran da ba sa son shiga shagalin, sai su koma gefe su yi shiru. Rashin godiya ne?

A'a. Ga yara da yawa a arewa Kirsimeti ita ce ranar da abin ya faru. Bama-baman Jos a jajiberen Kirsimeti na 2010 suka tashi. Harin majami'ar Katolika ta Saint Theresa a Madalla ranar 25 ga Disamba 2011 aka kai shi, ana fitowa daga sujada. A jajiberen Kirsimeti na 2023 an kashe sama da mutum 150 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi na jihar Filato. Yaron da ya kwana a daji daren nan, in ya ji ƙarar nokawut da yara suke fasawa, ba wasa yake ji ba. Zai iya firgita, ya yi fitsarin kwance, ya ƙi cin abinci, ya yi faɗa ba dalili.

Kada a tilasta masa rawa. Kada a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida. Kada kuma a ce masa ya daina kuka tunda iyayensa suna sama; ya sani, amma a nan yake bukatarsu. A bar shi ya ambaci sunansu, a kai shi kabari in yana so kuma akwai hali, a hana fasa nokawut kusa da ɗakin kwanansu. In firgitar ta daɗe tana hana shi barci da karatu, a nemi ma'aikacin lafiya da ya san aikin, addu'a kuma ta tafi tare da wannan. Ikkilisiyar EYN, wadda Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi a Oktoba 2014, ta daɗe tana horar da mutanenta a kan warkar da irin wannan rauni na zuciya, akwai abin koyo a wurinsu.

Zan iya ɗauko yaro ɗaya ya yi mana Kirsimeti a gida, in mayar da shi bayan sabuwar shekara?

Niyyar tana da kyau, amma ki yi tunanin ranar mayarwa. Ya kwana bakwai a kan katifa, ya kira ki Mama, ya fara lissafin ko za a riƙe shi, sai ga shi a mota da leda a hannu. In shekara mai zuwa wata ce ta ɗauke shi, abin da ya koya shi ne manya suna zuwa suna tafiya. Sauran da ba a zaɓa ba kuma sun koyi nasu darasin. In za ki yi, ki yi da sanin hukumar jin daɗin jama'a, ki gaya wa yaron gaskiya tun farko cewa hutu ne, ki kuma ɗaure wa kanki cewa shi ɗin dai za ki riƙa nema a Ista, da dogon hutu, da ranar ziyara a makaranta. Zumunci a ƙafa yake. Gidan da zai miƙa miki yaro daga zuwa ɗaya ba tambaya, ba takarda, ki ji tsoronsa.

Ɗan ƙanena marigayi yana hannuna. Yaya zan yi kada ya ji bambanci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, domin ku ne kuke ɗauke da yawancin marayun ƙasar nan ba tare da allo a ƙofar gida ba. A Littafi Mai Tsarki, Mordekai haka ya riƙe Esta, 'yar baffansa, kamar 'yar cikinsa.

Yaro ba ya auna ƙauna da baki, da ido yake aunawa. Yadi ɗaya, tela ɗaya, rana ɗaya. Makaranta ɗaya, ko aƙalla masu daraja ɗaya. In ana rabon nama, a raba a gabansu. Aikin gida ya zagaya kan kowa, kada ya zama shi ne mai tashi da asuba ɗebo ruwa 'ya'yan gida suna barci. In baƙi suka zo, ka ce “ɗana ne”, ba “marayan da muke taimako” ba. In ya yi laifi a hore shi kamar kowa, amma kada a taɓa haɗawa da gorin abinci ko ambaton mamacin. Ka bar shi ya riƙa ganin 'yan'uwansa da aka rarraba wasu gidaje. Kirsimeti lokaci ne mai kyau na haɗa su wuri ɗaya. Kuma ka zauna da matarka tun kafin yaron ya iso, domin ita ce za ta wuni da shi, riƙon da aka ɗora wa mace ba shawara kuwa a kan yaron yake hucewa.

In nauyin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa dattawan ikkilisiya. Ba bara ba ce. 1 Timoti 5 ta ɗora nauyin farko a kan dangi, ta kuma bar wa ikkilisiya inda dangi suka gaza.

Dangin miji sun kwashe gona da gida bayan jana'iza. Ikkilisiya tana da ta cewa?

Tana da ita, kuma a nan ne aka fi yin shiru, domin sau da yawa mai kwashewar shi ma ɗan ikkilisiya ne, wani lokaci dattijo. Buhun shinkafa ɗaya a Disamba ba ya maye gurbin gonar da za ta ciyar da yaran shekara ashirin. Ishaya 1:17 ba ta tsaya a ba da abinci ba, cewa ta yi a tsaya wa maraya a shari'a, a kāre gwauruwa. Dokar ƙasa ma tana gefensu: a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka rushe al'adun hana 'ya mace gadon ubanta da korar gwauruwa daga gidan mijinta, dokar hana cin zarafi ta 2015 kuma ta haramta muzguna wa gwauraye da sunan al'ada. Fasto da dattawa su je zaman dangi, a rubuta abin da mamacin ya bari a gaban shaidu da mai unguwa, a adana takardun fili. In ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar irin waɗannan ƙararraki. Maza kuma su rubuta wasiyya. Rubuta ta ba ya kiran mutuwa.

Ni da mijina muna son mu ɗauki yaro ya zama namu har abada. Ina za mu fara?

A ma'aikatar harkokin mata da jin daɗin jama'a ta jiharku. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ita ce ginshiƙi, amma kowace jiha da tata sigar, sharuɗɗan kuma sun sha bamban. Za a karɓi takardarku, a bincika gida da lafiya da sana'a, a ba ku yaron na wani lokaci ƙarƙashin sa ido, kotu ce kuma take ba da izini na ƙarshe. Yana ɗaukar lokaci, yana gajiyarwa. Amma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya kawo muku jariri gobe, ko da da rigar fasto ko ta nas ya zo, safarar mutane yake yi, kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, mai saye da mai sayarwa take kamawa.

Muna son ikkilisiyarmu ta buɗe gidan marayu. Me za mu kiyaye, musamman in yaron ɗan Musulmi ne?

Kafin bulo na farko, ku tambayi kanku ko kuɗin ba zai fi amfani ba in aka tallafa wa gwauraye talatin su riƙe 'ya'yansu. In har bukatar ta tabbata, rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kaɗai ba ta isa ba, sai da izinin ma'aikatar jiha. Kowane yaro ya kasance da fayil: wanda ya kawo shi, rahoton 'yan sanda in tsintarsa aka yi, sa hannun dangi, shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A arewa takardar nan ita ce garkuwarku ranar da wani zai ce satar yara kuke yi. Ku tantance ma'aikata, kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko wane ne shi.

Yaron Musulmi kuwa a ciyar da shi, a yi masa magani, a nemi danginsa, kada a canza masa suna a ɓoye, kada a sa abinci ya zama ladan shiga addini. Musulunci ma ya tsananta a kan haƙƙin maraya, don haka akwai inda za a haɗu. Zannah Mustapha a Maiduguri ya buɗe makarantarsa a 2007 yana karɓar marayun kowane ɓangare na rikicin Boko Haram, har ya sami lambar yabo ta Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Bishop Stephen Mamza na Yola ya buɗe wa 'yan gudun hijira harabar babbar majami'arsa a 2014, da ya gina musu gidaje kuma ya haɗa da masallaci.

Ikkilisiyarmu ta ƙauye ce, baikonmu bai taka kara ya karya ba. Me za mu iya yi?

Ku fara da littafin rubutu na naira kaɗan. Zumuntar Mata ta san kowane gida. Su rubuta sunan kowane maraya a yankinku, shekarunsa, wanda yake riƙe da shi, ajin da yake ko ranar da ya daina zuwa. A bar littafin a hannun mutum biyu, ba a karanta shi daga kan bagade. Daga hatsin bikin godiya a ware mudu-mudu a ajiye sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbun gwauruwa yake ƙarewa kuma farashi ya hau. Matasa su yi mata gayya a gona, noman fari da maimai. A saya wa yaro akuya uwa, in ta haihu a miƙa 'yar ga na gaba. Tela da kafinta da bakanike na cikin ikkilisiya kowa ya ɗauki ɗan koyo ɗaya ba kuɗin shiga, musamman waɗanda suka haura shekara goma sha bakwai, domin su ne masu ba da taimako suka fi mantawa da su. Baikon ranar Kirsimeti kuma a raba shi biyu a gaban kowa: kashi ɗaya na ɗinki da nama, ɗayan a rufe shi a hannun ma'aji, kada a taɓa sai makon da za a koma makaranta a Janairu, a kai kuɗin ofishin makarantar kai tsaye a karɓo rasit.